Li Shizhen (1518–1593) da Furen Zaƙami a Magungunan Gargajiya na Ƙasar Sin

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Li Shizhen, likita kuma masanin tsirrai na ƙasar Sin wanda ya rayu a zamanin daular Ming, tare da mayar da hankali kan yadda ya tunkari wani fure mai guba da Sinawa ke kira mantuoluo, wato zaƙami a bakin Bahaushe. An duba asalinsa da karatunsa, da shekaru 27 da ya shafe yana haɗa littafin Bencao Gangmu, da matsayin da ya bai wa wannan fure a cikinsa. Maƙalar ta nuna cewa a wurin Li Shizhen, tsiro mai guba yakan shiga sahun magani ne idan an tantance shi, an san lokacin ɗibarsa da yadda ake sarrafa shi da adadin da jiki zai ɗauka, sannan an gwada abin da ake faɗa a kansa.

1.0 Gabatarwa

A kan juji da kangaye da bayan gari a ƙasar Hausa akwai wani tsiro mai faɗin ganye, mai dogon fure kamar kakaki, da 'ya'ya masu ƙaya. Ana kiransa zaƙami, ko haukata-yaro, ko babba-jibji, kuma masana tsirrai sun san shi da sunan Datura metel. Sunan haukata-yaro kaɗai ya isa ya bayyana abin da Bahaushe ya sani game da shi. Wannan tsiro ne dai Sinawa suka daɗe suna amfani da furensa wajen gusar da hankalin maras lafiya kafin a yi masa aiki mai zafi, kuma har yau busasshen furen yana cikin kundin magunguna na hukuma a ƙasar, da sunan yangjinhua.

Mutumin da ya tsara bayanin wannan fure a cikin babban littafin magunguna, ya fayyace sunayensa da kamanninsa da amfaninsa da haɗarinsa, shi ne Li Shizhen. Rayuwarsa ta cancanci nazari ga masu binciken magungunan gargajiya, domin matsalar da ya fuskanta sananniya ce gare su: ilimi mai yawa da aka gada daga littattafai da bakin jama'a, wanda gaskiya da kuskure suka cakuɗe a cikinsa, alhali kuskure ɗaya a kan tsiro mai guba yana iya zama sanadin rai.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Li Shizhen a shekarar 1518 a garin Qizhou, wanda a yau yake cikin gundumar Qichun ta lardin Hubei, a gaɓar kogin Yangtze. Ɗan gado ne a harkar magani. Kakansa mai magani ne na yawo, irin waɗanda ke bin ƙauyuka suna kaɗa ƙararrawa don sanar da zuwansu, sana'ar da masu ilimin littafi na lokacin ke yi wa kallon raini. Mahaifinsa, Li Yanwen, ya ɗara haka, domin ya yi karatu, ya yi suna a matsayin likita a yankin, har ya rubuta ƙananan littattafai a kan wasu tsirrai.

Hausawa kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma Li Yanwen bai so ɗansa ya gaje shi ba. A zamanin daular Ming, hanyar ɗaukaka ita ce cin jarrabawar shiga aikin gwamnati, wadda ake ginawa a kan haddace littattafan Confucius da iya tsara maƙala. Li Shizhen ya ci matakin farko yana ɗan shekara 14. Daga nan ya zauna jarrabawar lardi a birnin Wuchang har sau uku, bai yi nasara ba, na ƙarshe a shekarar 1540. Bayan wannan ne ya koma wajen mahaifinsa ya rungumi aikin magani.

Tun yana yaro ba mai ƙoshin lafiya ba ne. Ya rubuta da kansa cewa sa'ad da yake da shekara 20 mura ta rikiɗe masa ta zama tari mai tsanani da zazzaɓi mai ƙona jiki, ya sha magunguna iri-iri ba sauƙi, har aka fara fitar da rai da shi. Mahaifinsa ya tuna da wata hanya ta Li Gao, likita na ƙarni na 13, ya dafa masa saiwar wani tsiro mai suna huangqin ita kaɗai. Washegari zazzaɓin ya sauka. Darasin da ya ɗauka daga wannan jinya shi ne cewa magani ɗaya da ya dace da cuta ya fi tarin magunguna da aka haɗa bisa zato.

3.0 Aikin Fada

Bayan ya bar neman muƙami, ya duƙufa ga karatu na shekaru masu yawa, ya karanta littattafan magani da na tarihi da na noma da na addini da na waƙa, yana kuma duba marasa lafiya. Sunansa ya kai fadar Yariman Chu a Wuchang, inda ya warkar da ɗan yariman. A cikin shekarun 1550 aka ba shi muƙami a gidan yariman tare da kula da ɗakin magani. Marubuta tarihinsa sun ruwaito cewa daga nan aka tura shi Hukumar Likitocin Sarki a birnin Beijing, inda bai daɗe ba ya ajiye aiki ya koma gida.

Wannan ya faru ne a zamanin Sarki Jiajing, wanda ya yi mulki daga 1521 zuwa 1567, sarkin da ya shagala da neman maganin tsawon rai a hannun masu haɗa sinadarai. Da yawa daga irin waɗannan haɗe-haɗe suna ɗauke da zaiba. Li Shizhen ya soki wannan al'ada a rubuce, ya bayyana cewa shan zaiba don neman dawwama ya nakasa mutane da yawa ya kuma kashe wasu. Duk da haka bai cire zaiba daga littafinsa ba, ya bar ta a matsayin maganin wasu cututtuka. Irin wannan mataki ne ya ɗauka a kan sauran abubuwa masu guba: ya raba amfanin da aka tabbatar da iƙirarin da ba shi da tushe.

4.0 Littafin Bencao Gangmu

Sinawa suna da tsohuwar al'adar rubuta littattafan magunguna da suke kira bencao. Mafi daɗewa da aka sani, Shennong Bencao Jing, ya ƙunshi magunguna 365. Tao Hongjing, wanda ya rayu daga 456 zuwa 536, ya ninka adadin zuwa 730. A shekarar 659 gwamnatin daular Tang ta fitar da nata kundin. Zuwa zamanin Li Shizhen, littafin da aka fi dogara da shi shi ne na Tang Shenwei, wanda ya riga ya haura shekara 400 da rubutawa. A cikin waɗannan littattafai Li Shizhen ya tarar da tsiro ɗaya an raba shi biyu saboda bambancin suna, ko tsirrai biyu an haɗe su a ƙarƙashin suna ɗaya, ga kuma magungunan da jama'a ke amfani da su waɗanda ba a rubuta ba sam.

Ya fara aikin gyara a shekarar 1552, ya kammala a 1578, bayan ya sake bitar rubutun sau uku. Ya duba littattafai fiye da 800. Ya kuma fita daji da duwatsu, yana tambayar manoma da masunta da mafarauta da masu saran itace. Ya bi masu kama macizai zuwa dutsen da ke kusa da Qizhou don ya ga wani maciji mai dafi da ake magani da shi, ya bambance shi da wanda 'yan kasuwa ke sayarwa a madadinsa. Ya feɗe wata dabba mai ɓawo a jiki da ke cin tururuwa don ya ga abin da ke cikin tumbinta, ya gyara bayanin da magabata suka yi kan yadda take cin abinci.

Sakamakon shi ne littafi mai juzu'i 52, da magunguna 1,892, waɗanda 374 daga cikinsu sababbi ne, da haɗe-haɗen magani 11,096, da zane-zane fiye da 1,000 waɗanda 'ya'yansa suka taimaka wajen yi. Ya kasa abubuwan gida 16, ya fara da ruwa da wuta da ƙasa da ma'adinai, ya bi ta kan ciyayi da hatsi da itatuwa, ya wuce zuwa ƙwari da kifaye da tsuntsaye da dabbobi, ya ƙare da ɗan Adam. A ƙarƙashin kowane magani yakan kawo sunayensa da asalinsu, da inda yake fitowa da kamanninsa, da gyaran kurakuran magabata, da yadda ake sarrafa shi, da ɗanɗanonsa da ɗabi'arsa, da cututtukan da yake yi wa magani, sannan nasa sharhin. Baya ga wannan, ya rubuta littafi kan duba bugun jijiya, Binhu Maixue, a shekarar 1564, inda ya bayyana nau'o'in bugu 27.

5.0 Matsayin Guba a Ilimin Magungunan Sin

Tun daga Shennong Bencao Jing aka kasa magunguna aji uku. Na sama su ne masu gina jiki waɗanda ake iya daɗewa ana sha. Na ƙasa su ne masu guba, kuma su ne aka ce suna kai wa cuta hari, sai dai ba a daɗewa a kansu. Ke nan a wannan tsari ƙarfin da ke sa magani ya yi aiki shi ne kuma ke iya kisa. Daga nan aka samu fannin da ake kira paozhi, wato sarrafa ɗanyen magani ta hanyar jiƙawa ko dafawa ko turarawa ko soyawa, wani lokaci da giya ko zuma ko citta ko ruwan khal, domin a rage masa kaifi.

Li Shizhen ya bar tsarin aji uku, ya ware juzu'i na 17 ga ciyayi masu guba, inda ya tattara nau'i 47. A nan ne furen zaƙami ya samu gurbi.

6.0 Furen Zaƙami

6.1 Kafin Li Shizhen

Littattafan tarihin Sin sun ambaci Hua Tuo, likitan da ya rasu wajen shekarar 208, wanda aka ce yana shayar da maras lafiya wani gari mai suna mafeisan a cikin giya, hankalinsa ya gushe, sannan ya yi masa fiɗa. Haɗin wannan gari ya ɓace tare da mai shi, kuma neman makamancinsa ya dami likitocin da suka biyo baya. A ƙarni na 12 wani littafi mai suna Bianque Xinshu ya kawo haɗin furen zaƙami da furen wiwi don sa barci kafin a yi wa mutum jinyar da ake ƙona busasshen ganye a kan fata. A shekarar 1178 Zhou Qufei, jami'in gwamnati da ya yi aiki a Guangxi, ya rubuta cewa ɓarayin yankin suna busar da furen su daka, su zuba a abincin mutane, idan sun bugu su kwashe musu kaya. A ƙarni na 14 kuma Wei Yilin ya sa furen cikin maganin da ake bai wa wanda za a yi wa ɗori. Furen ya iso zamanin Li Shizhen yana hannun likita yana kuma hannun ɓarawo, bayanansa a warwatse.

6.2 Bayaninsa a Bencao Gangmu

Li Shizhen ya fara da suna. Ya danganta kalmar mantuoluo da littattafan addinin Buddha da suka zo daga Indiya, inda aka ambaci wani fure mai wannan suna da ke zubowa daga sama. Ya kawo sunayen da talakawa ke kiransa da su, waɗanda ma'anarsu ita ce gautan iska da gautan dutse, saboda ganyensa ya yi kama da na gauta. Ya siffanta tsayinsa da farin furensa da 'ya'yansa masu ƙaya da ƙananan ƙwayoyin da ke ciki, domin mai nema ya gane shi. Ya ce ana ɗibar furen a wata na takwas na kalandar gargajiya, 'ya'yan kuma a wata na tara, wato lokacin kaka. Ya sa shi cikin masu yaji, masu ɗumi, masu guba. Daga cikin amfaninsa ya ambaci dafa shi a wanke ƙafafu masu ciwon sanyi, da maganin fitar baya da jijjiga, da kuma shigarsa cikin maganin gusar da jin zafi kafin a tsaga maruru ko a yi jinyar ƙuna.

6.3 Gwajin Dariya da Rawa

A zamaninsa akwai maganar da ke yawo cewa idan mutum ya tsinki furen yana dariya, aka yi giya da shi, duk wanda ya sha zai yi ta dariya, idan kuma yana rawa ya tsinka, mai sha zai yi ta rawa. Li Shizhen ya rubuta maganar kamar yadda ya ji ta, sannan ya ce ya gwada da kansa. Abin da ya gano shi ne sai mai sha ya fara buguwa, sannan wani na kusa da shi ya yi dariya ko rawa ya ja shi, kafin abin ya tabbata.

Gani ya kori ji. Da wannan ɗan gajeren bayani ya ɗauke dalilin daga hannun mai tsinkar fure, ya mayar da shi kan abubuwa biyu da ake iya lura da su: furen yana dagula hankali, kuma wanda hankalinsa ya dagule yakan bi abin da na kusa da shi ke yi. Binciken zamani ya fito da sinadaran da ke haddasa haka, wato sikofolamin da hayosayamin da atirofin. An ware atirofin a farkon shekarun 1830, sikofolamin kuma a 1880. Suna toshe wani saƙo da jijiyoyi ke aikawa, sai baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta yi saurin bugawa, jiki ya yi zafi ba gumi, mutum ya shiga sambatu da gane-gane, ya farka bai tuna abin da ya faru ba. Idan adadin ya yi yawa, yakan kai ga suma da mutuwa.

6.4 Sarrafawa

Kwatanta zaƙami da wani fure mai guba da ke cikin juzu'in, yuanhua, yana nuna cewa Li Shizhen bai ɗauki sarrafawa a matsayin hanya ɗaya ga kowane tsiro ba. Yuanhua fure ne mai tsananin sa gudawa, wanda ake zubawa a ruwa ya kashe kifi, ake kuma amfani da shi wajen fitar da ruwan da ya taru a ƙirji ko ciki. Ya ce wanda ya shekara da yawa a ajiye ya fi, kuma kafin amfani a tafasa shi cikin ruwan khal, a zubar da ruwan, a jiƙa shi a ruwa ya kwana, sannan a shanya a rana.

Zaƙami kuwa abin da ya kawo a kansa shi ne a shanya furen a inuwa a daka. Shanyawa tana hana fure ruɓewa, amma ba ta kashe gubarsa. Ƙarfin sinadaran ma yakan bambanta daga tsiro zuwa tsiro da kuma daga lokaci zuwa lokaci. Saboda haka kariyar da ta rage ita ce sanin tsiron da lokacin ɗibarsa, da awo, da fifita amfani da shi a bayan fata. Kundin magunguna na Sin na yau ya tsaya a kan wannan: adadin da ya yarda da shi bai kai giram ɗaya ba, ya kuma hana shi ga masu juna biyu da masu hawan jini da masu saurin bugun zuciya da masu hawan jinin ido. Tun 1988 furen yana cikin jerin magungunan gargajiya 28 masu guba da dokar ƙasar ta sa wa ido.

7.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Kammala littafin yana da shekara 60 bai kawo ƙarshen wahalarsa ba. Buga littafi a lokacin yana nufin sassaƙa kowane shafi a kan allon katako, kuma littafi mai haruffa kusan miliyan biyu yana buƙatar dukiya mai yawa. A shekarar 1580 ya tafi Taicang wajen Wang Shizhen, fitaccen marubucin zamanin, yana neman ya rubuta masa muƙaddima da za ta jawo hankalin masu buga littattafai. Sai a 1590 muƙaddimar ta samu. Wani mai buga littattafai a Nanjing, Hu Chenglong, ya karɓi aikin, aka fara sassaƙa allunan.

Li Shizhen ya rasu a 1593, yana da shekara 75, littafin bai kai hannun jama'a ba. An binne shi kusa da tafkin Yuhu a Qizhou. A 1596 littafin ya fito, ɗansa Li Jianyuan ya miƙa kwafi ga Sarki Wanli, amma fada ba ta ɗauki nauyin yaɗa shi ba. Bugun lardin Jiangxi na 1603 ne ya buɗe masa hanya, aka yi ta sake buga shi bayan nan.

8.0 Tasirinsa

Zuwa 1607 littafin ya isa Japan, inda ya zama ginshiƙin nazarin tsirrai na tsawon ƙarnoni. A can ne, ranar 13 ga Oktoba 1804, likita Hanaoka Seishu ya cire wa wata mata ciwon dajin mama bayan ya gusar da hankalinta da wani haɗi da zaƙami ne jigonsa, fiye da shekara 40 kafin a nuna aikin tiyata da iskar ita a Amurka a 1846. A Turai, an buga fassarar wasu sassan littafin da Faransanci a 1735. A shekarun 1970 wasu asibitocin Sin sun sake gwada sinadaran furen wajen sa barcin tiyata. A 2011 hukumar UNESCO ta sa bugun farko na Bencao Gangmu cikin rajistar muhimman rubuce-rubucen duniya.

Littafin bai kuɓuta daga kuskure ba. Akwai abubuwa da yawa a cikinsa da Li Shizhen ya kwaso daga magabata ba tare da gwaji ba, wasu kuma camfi ne tsantsa. Sai dai yakan ambaci wanda ya ɗauko magana daga gare shi, ya kuma ware inda yake faɗin abin da ya gani da idonsa, wanda hakan ya bai wa na baya damar tantancewa.

9.0 Kammalawa

Li Shizhen ya faɗi jarrabawar gwamnati sau uku, ya bar aikin fada, ya ƙarar da rabin rayuwarsa a kan littafin da bai ga fitowarsa ba. Abin da ya rubuta a kan furen zaƙami bai wuce 'yan layuka ba a cikin juzu'i 52, amma ya ƙunshi hanyar aikinsa gaba ɗaya: tattara sunaye, siffanta tsiro, ƙayyade lokacin ɗiba, bayyana guba a fili, da gwada jita-jita. A ƙasar Hausa, inda tsiron ke fitowa a bayan gida kuma matasa ke cutuwa da shi, akwai sunaye da labarai da hanyoyin amfani da ke bakin masu magani da dattawa. Mai nazarin da zai rubuta su yana da abin koyi a wannan tsari, musamman wajen nuna wa mai karatu wane bayani aka ji, wane aka gani, da kuma inda haɗari yake.